Tsohon babur na soja: abin dubawa kafin a miƙa kuɗi, da abin da ke jira bayan an miƙa

A farkon watan Yuni na kowace shekara, ƙananan garuruwan yankin Normandi da ke arewacin Faransa kan cika maƙil da tsofaffin motocin yaƙi da babura masu fentin kaki, domin tunawa da saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun yankin ranar 6 ga Yunin 1944. Akasarin masu baburan farar hula ne, malaman makaranta da direbobi da ƴan fansho, waɗanda suka kashe shekaru da kuɗi wajen tayar da ƙarfen da ya girmi iyayensu. Hotunansu kan karaɗe TikTok da Facebook, kuma ta nan sha'awar ke kama matasa da dama, har da na Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Ga ɗan Nijar da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Jamus, abin bai tsaya ga kallon waya ba. Tallan irin waɗannan babura yana nan a Leboncoin, suna nan jere a kasuwar Veterama da ke ci kowane watan Oktoba a birnin Mannheim, kuma wani lokaci farashin da aka rubuta bai kai na tsohuwar motar da ake turawa gida ba. Daga nan sai lissafi ya fara: a saya, a gyara sannu a hankali, a hau a can, ko kuma a aika gida a ajiye abin da babu mai irinsa daga Gaya har Gure. Lissafin yana da daɗi a baki. Sai dai kuɗin da ake magana a kansu sau da yawa gumin shekaru ne na aikin dare a sito ko wanke-wanke a gidan abinci, kuma kasuwar tsofaffin baburan soja ta ƙware wajen cin kuɗin sabon shiga.

Wane babur ake magana a kai

Wanda mai matsakaicin ƙarfi zai fi cin karo da shi shi ne BSA M20, ƙirar masana'antar Small Heath da ke Birmingham a Ingila. Ya fara fitowa a 1937, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera kusan 126,000 domin sojoji, fiye da kowane babur na Ingila a wancan yaƙi. Silinda ɗaya gare shi, mai cc 496, bawul ɗinsa a gefen silinda suke, ƙarfinsa doki 13 ne kacal, nauyinsa kuwa kusan kilo 170. Babu sifirin a bayansa, shasin ƙarfe ne tsantsa har kan taya, sifirin da ke ƙarƙashin sirdi ne kawai ke sassauta wa mahayi. Masu kai saƙo tsakanin rundunoni ne suka fi hawansa, kuma sojan Birtaniya bai gama rabuwa da shi ba sai cikin shekarun 1960.

Akwai takwaransa Norton 16H, da Matchless G3L na 1941 wanda ya fi su sauƙin nauyi da daɗin tuƙi. Daga Amurka akwai Harley-Davidson WLA mai silinda biyu da cc 740, wanda aka ƙera kusan 90,000, aka aika da wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa Tarayyar Sobiyet. Daga Jamus akwai BMW R75 da Zündapp KS 750, masu akwatin gefe wanda tayarsa ita ma inji ke juyawa, har da giyar baya kamar mota. Waɗannan biyun na masu hannu da shuni ne: na gaske da aka gyara da kyau yakan haura Yuro 30,000, wato kusan miliyan 20 na kuɗin sefa.

Yawan M20 shi ne babbar fa'idarsa. Abin da aka ƙera da yawa, kayan gyaransa ba su ƙarewa da wuri, kuma akwai littattafan gyaransa na soja da ƙungiyoyin masu shi da suka san kowane noti a jikinsa. Sabon shiga da ya fara da babur mai wuyar samu, don a ce shi kaɗai ke da shi, yakan shekara yana neman ƙaramin ƙarfe guda.

Lamba da takarda

Mai saye da ya iso gaban babur, idonsa kan fara sauka a kan fenti da farin tauraron da ke jikin tanki. Waɗannan su ne mafi arha a duk jikin babur, gwangwanin fenti biyu da yamma ɗaya sun isa. Abin da ke riƙe da darajar kuɗin lambobi ne da aka buga a ƙarfe, da takardar da ta yi daidai da su.

A M20 na yaƙi, lambar shasi da ta inji akasari suna farawa da WM20, kuma ta injin tana gefen hagu, a ƙasan silinda. Ba abin mamaki ba ne a tarar lambobin biyu sun bambanta. Garejin soja ba ya jiran a gyara inji, cire shi ake yi a ɗora wani da aka riga aka gyara, babur ya koma bakin aiki. Don haka bambancin lamba a babur ɗin sojan Ingila ba laifi ba ne a karan kansa. Abin tsoro shi ne wurin lamba da aka goge da dutsen niƙa ya yi santsi ko ya loɓa, ko lambobin da wasu suka fi wasu zurfi, ko waɗanda siffarsu ta bambanta a layi ɗaya. Fenti mai kauri a daidai wurin lamba shi ma abin tambaya ne, kuma mai sayarwa na gari ba zai hana a kankare shi kaɗan ba.

Harley na da nasa tsarin. Kafin 1970 kamfanin a jikin inji yake buga lambar babur, shasi ba shi da ita, saboda haka duk takardar WLA a kan injin take rataye. Kusan duk waɗanda aka ƙera a tsakiyar yaƙin lambarsu da 42WLA take farawa, ko da an ƙera su a 1944, kuma masu tallan da ba su san haka ba kan rubuta 1942 da zuciya ɗaya. A ƙarƙashin injin akwai wasu ƙananan lambobi a kan ɓari biyu na kaskonsa, waɗanda ya kamata su zama iri ɗaya. Idan sun saɓa, an haɗa injin ne daga gawa biyu. Zai iya tafiya lafiya, amma farashinsa ba ɗaya ba ne da na asali, kuma dole mutum ya kwanta ƙasa da tocila kafin ya gani.

Sai takarda. Babura da yawa ana tallansu da ɗan rubutu a ƙarshe cewa babu kart giriz, amma samunta abu ne mai sauƙi. Da sauƙin ya kai haka, da mai sayarwa ya samo ta ya ƙara kuɗi. A Faransa, abin hawan da ya wuce shekara 30 yana iya samun kart giriz ta kayan tarihi bayan shaidar ƙungiyar FFVE, wadda ita ma tana neman hotunan lambobi da hujjar yadda babur ya zo hannun mutum. A Ingila, hukumar DVLA kan nemi takardar tabbatar da shekarar ƙira daga ƙungiyar da ta amince da ita, irin ƙungiyar masu BSA da ke duba kundin masana'anta. Tun 2021 kuma, babur da aka sayo daga Ingila zuwa Faransa ko Beljiyam sai ya bi ta duwan. Duk wannan yana yiwuwa, amma yana cin watanni, kuma baƙon da takardun zamansa ba su gama daidaita ba bai kamata ya ɗora wa kansa abin hawan da ba a san asalinsa ba. Idan ya zamana na sata ne, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, ga tambayoyin ƴan sanda a kai.

Mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne takardar ciniki mai sunan mai sayarwa kamar yadda yake a katinsa, da lambar shasi da ta inji, da farashi, da sa hannu. Wanda ya nemi a tura kuɗin kafin alƙalami ta waya tun ba a ga babur ba, cinikin biri a sama yake so a yi.

Jabu masu kama da na gaske

A 1938 BMW ya fitar da R71, kuma bai ƙera ko 3,500 ba. Sobiyet ta kwaikwaye shi ta fara ƙera M-72 a 1941, wanda daga gare shi Ural da Dnepr suka samo asali. Daga baya Sin ta karɓi ƙirar daga Sobiyet a ƙarshen shekarun 1950, ta yi ta fitar da Chang Jiang 750 shekaru da dama. Ukun nan daga nesa kamar ƴan uku suke. Ana ɗaukar na Sin ko na Rasha, a shafa masa ruwan ƙasa na sojan Jamus, a manna tambarin BMW mai shuɗi da fari a tanki, a kira shi babur ɗin Rommel. M-72 da Chang Jiang ba su da laifi idan an sayar da su da sunansu da farashinsu, suna ma da sauƙin kayan gyara. Damfarar tana wurin sunan. Wanda bai taɓa riƙe na gaske ba, ba zai gane bambancin walda da zubin ƙarfe ba, don haka babur mai tambarin Jamus ba a sayensa sai tare da wanda ya san su, ko da za a biya shi kuɗin rakiya.

A Jamus kuma doka ta haramta nuna alamun Nazi a bainar jama'a, kuma hukuncin na iya kaiwa ga ɗauri. Baƙo ne zai fi kowa shan wahalar wannan kuskure.

Ko a M20 akwai irin wannan kwalliya. Kamfanin ya ci gaba da ƙera na farar hula har tsakiyar shekarun 1950, kuma daga 1948 cokalin gabansu ya koma na zamani mai mai a ciki. Idan aka ga M20 mai irin wannan cokali da fentin kaki ana cewa ya yi yaƙi, ko dai an sauya masa gaba, ko kuma bai taɓa jin ƙarar bindiga ba.

Babur a cikin kwali

Tallan da ya fi jan mai ƙaramin ƙarfi shi ne na babur da aka wargaza aka zuba a kwalaye, da rubutun cewa kusan komai yana nan. Kalmar kusan ita ce mai tsada. Shasi da inji da tayoyi, waɗanda ke cika ido a hoto, ba su ne masu wuyar samu ba. Masu wuyar su ne ƙananan: fitilar gaba ta yaƙi mai murfin rage haske, agogon gudu da wayarsa, akwatin kayan aiki, maratayin jakunkuna, doguwar sandar jingina ta gefe, hannuwan da ke kan kan babur. Kowanne shi kaɗai kuɗi ne, kuma jimillarsu kan ninka rarar da aka yi zaton an samu. Babur cikakke mai tsatsa, wanda ba a taɓa kwance shi ba, ya fi wanda aka kwance aka wanke, domin yana nuna wa mai gyara inda kowane abu yake zama.

Akwai sababbin kayan M20 da ake ƙerawa a Indiya, tanki da madigadi da sirdi har da cokalin gaba, kuma suna da araha. Wasu suna shiga daidai, wasu sai an buɗa rami an lanƙwasa. A madigadi wannan ɓata lokaci ne kawai. A cokalin gaba da birki kuwa rai ne a kai, kuma ƙarfen da ba a san ingancinsa ba bai cancanci ya riƙe tayar gaba ba. Tsohon cokali na asali da aka miƙe aka sauya masa bushi ya fi sabo marar suna.

Abin da inji ke faɗa

Idan babur yana tashi, mai saye ya nemi a bar masa shi da sanyi, ya taɓa silinda da hannu ya tabbatar. Injin da aka ɗumama kafin baƙo ya iso yana ɓoye hayaƙi da ƙarar fistan. Bayan ya tashi kuma a bar shi ya yi zafi sosai, a kashe, a sake gwada tayarwa. Wannan gwaji na biyu shi ne mai tona asiri, saboda M20 da maganeto yake samun wutar buji, ba da batir ba. Maganeton Lucas da ya shekara 80, wayoyin cikinsa da kwandansa sun gaji: da sanyi yana ba da wuta, da ya yi zafi sai ya ɗauke, mahayi ya yi ta shuri a bakin hanya har injin ya huce. Maganinsa a kai wa ƙwararre ya sake naɗa shi, kuma masu wannan sana'a ba su da yawa ko a Turai. Mai hankali yakan sa kuɗin naɗin a lissafi tun farko, ko me mai sayarwa ya ce.

Man injin yana zama ne a tankinsa daban, famfo ke kai shi ya dawo da shi. Idan aka buɗe murfin tankin mai injin yana aiki, dole a ga mai yana dawowa. In babu, a kashe nan take. Babur da ya daɗe a ajiye, man kan zurare zuwa ƙasan inji, ya tashi da hayaƙi kamar an kunna yayi. Wasu kan sa famfon rufewa a bututun don hana wannan zurara, kuma ranar da aka manta ba a buɗe ba, injin yakan ƙone cikin ƴan kilomita. Wanda ya ga irin wannan famfo a babur ya tambayi tarihinsa da kyau.

Shasi kuwa da zare ko doguwar sanda ake auna shi, a ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Baburan soja sun sha faɗuwa, da yawansu kuma sun ja akwatin gefe bayan yaƙi, abin da ke murɗe shasi a hankali.

Akwai wata matsala da ba a gani a hoto. Notunan babur ɗin Ingila na wancan zamani ba na milimita ba ne. Awon Whitworth ne da BSF da wani zare na masu keke mai haƙora 26 a inci guda. Sifana mai lamba 13 ko 14 za ta yi kamar ta kama, sannan ta cinye kan notin. Makanike mai gaggawa da ya tura noti na milimita a ramin aluminiyam na tsohon inji ya lalata abin da ba a ƙera shi kuma. Tsofaffin masu gyaran keken Rali da Landiroba sun fi matasan makanikai kusa da sanin wannan awo. Saitin sifanu da na gyaran zare irin na Ingila na cikin abubuwan farko da za a saya, tun kafin fenti.

A gyara ko a bari

Kasuwar ta sauya ra'ayi a kan wannan. A da, kowa so yake ya kankare komai ya fesa sabon fenti. Yanzu babur da ke ɗauke da fentinsa na asali, ko da ya koɗe, da lambar soja mai farawa da C a jikin tanki, yakan fi wanda aka sabunta daraja a wurin masana, domin sabon fenti kowa na iya yi, na asali kuwa in an kankare ya tafi ke nan. Wanda ya ga alamar tsohon rubutu a ƙarƙashin fentin sama ya bi shi a hankali da takardar yashi mai laushi, ya ɗauki hoto kafin ya ci gaba. In kuma dole sai an fesa, launin ma yana da shekara: sojan Birtaniya ya fara da kaki mai kore, ya koma ruwan ƙasa a 1942, sannan koren zaitun a 1944.

Ƙurar wannan aiki guba ce. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, tsofaffin takalman birki kuma asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu bayan shekaru. Ba a hura su da iska, ba a kankare su a ɗakin da yara ke kwana.

Tsarin aikin da ya fi tsare kuɗi shi ne a fara da birki, taya, cokali da inji, babur ya hau hanya yana muni, sannan a zo kan ado. Ayyukan da aka fara da fenti su ne akasari ke ƙarewa a kwali, a sake tallata su da asara.

Hawansa ma karatu ne. Giyar M20 a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin Kasea da Haojue da Boxer da ƙafar kowa ta saba da su. A lokacin firgita ƙafa tsohon saninta take bi, ta taka giya a maimakon birki. Kafin shuri sai an daidaita lokacin wuta da hannu, in aka yi kuskure sandar shurin ta dawo ta bugi idon sawu. WLA kuwa kulocinsa a ƙafa yake, giya a hannu gefen tanki. Gudun M20 da ƙyar ya wuce kilomita 90 a awa, inda yake jin daɗi wajen 65 zuwa 70 ne, kuma birkinsa na zamanin da hanya babu cunkoso ne.

Idan gida za a kawo shi

Nan lissafin ke sauyawa gaba ɗaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya da yawa sun koma bi ta tashar Lome su ratsa Burkina Faso, tafiya mai tsawo da jira. Babur da zai yi makonni a kwantena kusa da iskar teku sai an zubar da mansa, an cire batir, an shafe ƙarfensa da giris, an ɗaure shi a akwatin katako. Kafin a loda shi, ya kamata tiranzite ya faɗi a rubuce yadda za a ƙiyasta kuɗin duwan na babur ɗin 1943, da takardun da za a nema wajen yi masa lamba. Gano amsar bayan kaya sun iso, kuɗin ajiya suna hawa kullum, shi ne mafi tsadar hanya.

Sai wanda zai kula da shi. A birnin Pematangsiantar da ke tsibirin Sumatra na Indonesiya, tsofaffin BSA sun shekara da shekaru suna aikin ɗaukar fasinja da akwatin gefe, kamar kabu-kabu. Abin da ya raya su shi ne yawansu a gari ɗaya, har makanikai da masu sassaƙa ƙarfe suka koyi ƙera musu kaya da hannu. M20 guda ɗaya a Tawa ba shi da wannan gata. Kasuwar Katako a Yamai ko Ƙofar Ruwa a Kano za su iya ba da taya mai inci 19 da sarƙa da ƙwan fitila idan an dace, amma ba kabureta Amal ko maganeton Lucas ba. Kayan da ke saurin ci, gasket da wayoyin kuloci da birki da zobban fistan da bawul ɗin hayaƙi, gara su shigo akwati ɗaya da babur ɗin, tare da littafin gyaransa.

Ta fuskar mai, injin ba shi da tsirfa. Matsinsa ƙasa da biyar ne, an yi shi ne domin man yaƙi marar kyau, don haka esansin gidan mai ya fi ƙarfin buƙatarsa. Dattin da ke cikin kwalaben ƴan ruwa-ruwa ne abin gudu, kuma ƙaramar matata a bututun mai tana maganinsa. Ƙura da zafi su ne manyan abokan gaba. M20 da yawa sun yi aiki a Turai ba tare da matatar iska ba. Yaƙin hamadar Libiya da Masar ne ya nuna yadda rairayi ke cinye silinda, aka riƙa ɗaura babbar matatar Vokes a kan tanki da bututu zuwa kabureta. Wanda zai hau M20 a hunturun Damagaram babu matata, niƙa injinsa yake yi. Inji mai bawul a gefe kuma da ma mai zafi ne, kuma tsayuwa a cunkoson Yamai cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba abin da aka gina shi dominsa ba ne.

Duk waɗannan kuɗi da haƙuri na iya magance su. Wanda kuɗi ba sa magancewa shi ne launin. A ƙasar nan babur ya daɗe da shiga maganar tsaro. An hana hawansa a jihar Diffa a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta 2015, an hana a sassan Tillaberi a farkon 2020, kuma a ƙetaren iyakar Maraɗi jihohin Katsina da Zamfara sun sha taƙaita shi saboda ƴan bindiga. Jami'in da ke shingen bincike da magariba, ya hango babur mai fentin soja da lambobi a tanki da jakunkunan kaki, ba tarihin 1944 zai fara tunawa ba. Ko a Indiya, inda Royal Enfield ke ƙera babura masu kamannin soja, koren zaitun na sojoji ne kawai, kamfanin ƙasashen waje ya riƙa kai mai wannan launi. Kube na bindiga da ke gaban WLA, da akwatin harsashi, da bindigar roba ko wadda aka toshe da masu baje koli ke ratayawa a Normandi, bai kamata ko ɗaya ya shiga kwantenar da ta nufo Sahel ba. Takardar da ta halatta su a Turai ba za ta yi wa kowa bayani a tashar jirgin ruwa ko a shinge ba.

Wanda burinsa hawa ne a hanyar laterit, ba ajiya ba, yana da zaɓin da ya fi dacewa a cikin baburan soja na baya-bayan nan. Armstrong MT500 na shekarun 1980 da magajinsa Harley-Davidson MT350 na shekarun 1990, waɗanda sojan Birtaniya ya yi aiki da su, injin Rotax ne a jikinsu, notunansu na milimita, suna da sifirin gaba da baya, MT350 har da sitata da birkin faifai. Makaniken da ya saba da manyan baburan daji ba zai yi baƙunta a gabansu ba.

Shi kuwa mai son M20 ko WLA a gida, tarihin baburan da kansa ya ba shi mafita. Bayan 1945 an yi gwanjon dubbansu ga farar hula, dillalai suka cire kayan soja, suka shafe su da baƙi ko ja mai duhu, ma'aikata suka riƙa zuwa aiki a kansu shekaru da dama. Baƙin M20 mai fitila ta farar hula shi ma siffa ce ta gaskiya daga rayuwar babur ɗin. Kayan kakin ana iya naɗe su a ajiye a akwati tare da hotunan lambobin asali, domin ranar da za a sayar ko a mayar da shi Turai.